Likita ta ce ɗana ya rasa wani ɗan gutsure a kuromosom na 22, akwai wanda ya taɓa jin irin haka?

Maman_Sadiq_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya cika mini ciki. Ɗana na uku shekararsa shida. An haife shi da matsalar zuciya, aka yi masa aiki yana da shekara ɗaya da rabi. Tun yana jinjiri in yana shan nono sai ya riƙa dawowa ta hanci, ga ciwon kunne da tari ba hutu, sau biyu kuma ya yi jijjiga ba zazzaɓi a jikinsa. Bai taka ba sai da ya kusa shekara biyu, magana kuwa sai bayan uku, har yanzu ta hanci muryarsa ke fita, baƙo ba ya gane abin da yake faɗa. Likitar zuciyarsa ce ta ce mu yi wani gwajin jini da ake turawa waje. Da ƙyar muka haɗa kuɗin, sai da na sayar da 'yan kunnena. Sakamako ya dawo makon jiya, an rubuta 22q11.2. Ta yi mana bayani, amma kaina ya ɗau zafi, rabin maganar bai zauna ba. Zai iya karatu kuwa? Kuma daga ni ne ko daga babansa? Uwar mijina ta kira daga Funtuwa ta ce su a danginsu ba a taɓa haifar irin wannan ba. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Alhaji_MaiTumatir_Mile12:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Amma Hajiya, ba ku yi gwajin jinotaif ba ne kafin aure? Ai don gudun irin wannan malamai suka fara neman takardar asibiti kafin su ɗaura.

Usman_Lab:
Alhaji, ba abu ɗaya ba ne. Jinotaif ɗin da muke yi kafin aure, AA da AS da SS, sikila kawai yake dubawa. Ko su biyun AA ne, wannan gwajin ba zai hango abin da ke jikin Sadiq ba.
Hajiya, bari in warware miki lambobin. Kusan kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, an jera su biyu-biyu sau 23, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A cikinsu ƙwayoyin gado suke, wajen dubu ashirin. 22 ita ce lambar kuromosom ɗin, q na nufin dogon hannunsa, 11.2 kuma adireshin wurin ne, kamar a ce layi kaza gida kaza. A ɗaya daga cikin kwafi biyun da ɗanki yake da su, wannan wurin babu shi. A yawancin masu shi gutsuren ya kai harafi miliyan uku na DNA, wato sinadarin da aka rubuta bayanin gado a jikinsa, da ƙwayoyin gado sama da arba'in a ciki. Ɗaya kwafin yana nan lafiya lau, shi ya sa yaron ke rayuwa, sai dai wasu ayyukan jiki suna buƙatar kwafi biyun duka.

Gwaggo_Obalende:
'Yata, ke da mijinki 'yan uwa ne? Ni dai na ga yadda auren zumunci ke jawo irin waɗannan yaran.

Maman_Sadiq_Agege:
A'a Gwaggo. Shi ɗan Funtuwa ne, ni iyayena daga Gumel suke, a nan Agege aka haife ni.

LikitarYara_Ikeja:
Sannu Maman Sadiq. Zan fara da tambayarki ta biyu don na ga ita ce ta hana ki barci. A cikin yara goma masu wannan yanayin, kusan tara ba su gaje shi daga kowa ba. In aka gwada uwa da uba sai a same su ba komai. Kuskuren yana aukuwa ne lokacin da ake ƙera ƙwan uwa ko maniyyin uba, tun kafin a samu cikin. Ba abin da kika ci, ba fitar magariba, ba ɗaukar kaya mai nauyi. Maganar surukarki cewa ba a taɓa gani a danginsu ba tana iya zama gaskiya, kuma ke ma a naki dangin ba a taɓa gani ba.
Gwaggo, auren zumunci yana ƙara yiwuwar wasu cututtukan gado, waɗanda sai yaro ya karɓi kwafi mai matsala daga ɓangare biyu. Wannan ba ya cikinsu. Ana samunsa a kowace ƙabila, kimanin haihuwa ɗaya cikin 4,000. Ana kiransa DiGeorge, da sunan wani likitan yara na Filadelfiya a Amurka da ya bayyana shi a 1965.
Abin da ya sa wannan wurin ke yawan gutsurewa: a gefe da gefensa akwai rubutun DNA masu kama da juna ƙwarai. Lokacin da kuromosom biyu ke jeruwa don musayar sassa, sai wani ya kama layin da ba nasa ba. Ɗaya ya fito da giɓi, ɗayan ya fito da ƙari.

Malam_Tsangaya_Alaba:
Likita, wannan bayanin ya shige ni sosai. Duk mahaddaci ya san wahalar mutashabihai. Yaro yana tilawa, ya zo kan ayar da ke da 'yar'uwa mai kama da ita can gaba, sai ya tsallake ya faɗa can, ya bar shafi guda a baya bai sani ba. Wani kuma ya koma baya ya maimaita. Ashe a halitta ma akwai irin haka. Tsarki ya tabbata ga Allah.
Maman Sadiq, ki gaya wa kakarsa Allah ne mai suranta mu a cikin mahaifa yadda ya so. Ba a ɗora wa mace laifin abin da ba ita ta halitta ba.

LikitarYara_Ikeja:
Malam, misalinka ya fi nawa, da izininka zan riƙa ba iyaye shi.
Maganar karatu. Ƙwaƙwalwa tana ginuwa tun a ciki: ƙwayoyinta su hayayyafa, su yi ƙaura zuwa inda aka tsara musu, su miƙa jijiyoyi su haɗu da juna. Wasu daga cikin ƙwayoyin gadon da ke wannan gutsuren suna da hannu a wannan aikin. Hotunan ƙwaƙwalwar yara masu 22q sun nuna a dunƙule ta ɗan fi ta sa'o'insu ƙanƙanta, musamman sashen sama ta baya wanda ke kula da lissafi da gane wuri da siffa. A awon basira inda matsakaicin mutane yake 100, su matsakaicinsu yana wajen 70 zuwa 75, amma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Akwai mai buƙatar taimako kullum, akwai wanda ya gama sakandare yana sana'arsa. Abin da aka saba gani: hadda da karanta rubutu suna zuwa musu da sauƙi fiye da lissafi da warware matsala. Da yawansu kuma suna fama da rashin natsuwa da yawan fargaba.

Maman_Sadiq_Agege:
Likita kamar kin san shi. A Islamiyya ya haddace daga Nasi har Lam yakun, ya riga yayarsa ma a wasu surorin. Amma jiya na ba shi ɗari biyar ya sayo maggi na ɗari biyu a shagon ƙofar gida, ya dawo ya tsaya yana kallon canjin a tafin hannunsa, yana tambayata ko daidai ne. Na jera masa murafen kwalba biyar a tabarma na ɗauke biyu, ya ƙirga sauran, na maimaita da kuɗin sai ya rikice ya fara kuka. Malaminsu na boko kuwa cewa yake taurin kai ne, har dukansa ya yi.

Malama_Hauwa_Inclusive:
Dukan nan shi ya fi ɓata mini rai. Yaya, ki je makarantar da takardar likita ki zauna da shugaban. Ni ina koyarwa a sashen yara masu buƙata ta musamman a wata firamaren gwamnati, Jihar Legas tana da irin waɗannan sassan a makarantu da dama, akwai kuma hukumar LASODA mai kula da harkokin masu nakasa. Dabarar murafen kwalba da kika yi ita ce daidai, ki daɗe a kanta kafin ki koma kuɗi. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ki ce je ka ɗauko buta ka rufe ƙofa ka kira Aisha, ɗaya zai kama ya bar sauran, ke kuma ki zaci raini ne. Tunda haddarsa tana da ƙarfi, ki mayar masa da jadawalin sau waƙa.

Dan_Apapa_Wharf:
Na shiga intanet yanzu na duba, an ce masu wannan ciwon haukacewa suke yi in sun girma.

Ummu_Hanan:
Haba Malam! Uwa ta ce ba ta barci, kai kuma da wannan za ka tare ta? Ko gaskiya ce ai akwai yadda ake faɗarta.

Dan_Apapa_Wharf:
A yi haƙuri, ban yi nufin tayar mata da hankali ba. Gani na yi gara ta sani.

LikitarYara_Ikeja:
Tunda an taɓo, gara in faɗa daidai. Kimanin ɗaya cikin huɗu na masu 22q suna samun ciwon taɓin hankali mai sa jin muryoyi da zargin mutane, yawanci daga ƙarshen samartaka zuwa farkon shekaru ashirin. Uku cikin huɗu ba sa samu. Wanda ya samu kuma akwai magani, kuma sakamako ya fi kyau in an kama da wuri. Abin lura idan ya tasa: ya janye daga mutane, barcinsa ya rikice, karatunsa ya faɗi farat ɗaya. A nisanta shi da wiwi ƙwarai da gaske. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa, zuwa can ba abin kunya ba ne duk da sunan da mutanen gari suka laƙaba masa.

Baban_Yusra:
Ban so yin magana ba, amma shirun ba zai amfani kowa ba. 'Yata tana da irin na ɗanki, Hajiya. Da aka gano, likita ya daɗe yana kallon fuskata, ya ce in faɗi wasu kalmomi, sannan ya ce ni ma a gwada ni. Aka samu ina da shi. Shekarata 41, direban babbar mota ne ni, daga Apapa zuwa Kano. Tun ina yaro ake tsokanata da mai maganar hanci, a aji uku na ƙaramar sakandare na bar boko saboda lissafi ya gagare ni. Zuciyata lafiya, ban taɓa kwana a asibiti ba. Ita kuwa Yusra an yi mata aiki sau biyu. Gutsure ɗaya ne a jikinmu amma kowa da yadda ya zo masa. Kafin sakamakon nan 'yan'uwana matata suke zargi. Ranar da na karɓi takardar na tara su na karanta musu da bakina.

Gwaggo_Obalende:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Maza nawa ne za su iya haka?

Usman_Lab:
Labarin Baban Yusra ya dace da abin da manyan bincike suka gano. A Aisland an buga wani a 2014, aka nemo mutanen da ke ɗauke da irin waɗannan giɓi ko ƙari amma suna zaman lafiyarsu ba a taɓa cewa suna da wani ciwo ba. Da aka yi musu gwajin tunani, a dunƙule makinsu ya faɗo tsakanin na sauran jama'a da na marasa lafiya. A Birtaniya ma, a rumbun UK Biobank mai mutum kusan rabin miliyan, an ga haka. Gutsuren yana ja baya ne daga inda mutum zai kai da babu shi, sauran gadon gidansu da tarbiyya da makaranta suna nan suna aikinsu. Matsalarmu ita ce kusan duk wannan a kan Turawa aka yi. Har kamannin fuska da littattafai ke cewa a duba ba sa fitowa sosai a yaranmu, shi ya sa da yawa suke wucewa ba a gane su ba.

Malama_Hauwa_Inclusive:
Likita, in ɗan kauce kaɗan. Na taɓa koyar da wata yarinya, in kin ji ta tana zuba za ki ce ta fi kowa a ajin. Kowa nata ne, baƙo ya shigo sai ta ruga ta riƙe hannunsa tana tambayar sunan 'ya'yansa. Waƙa sau ɗaya take ji ta ɗauke. Amma ki ce ta zana gida, sai ta zana ƙofa a nan, taga can, rufi a wani gefen, ba abin da ya haɗu da wani. In aka tayar da janareta toshe kunne take yi tana kuka. Mamanta ta ce sunan abin Williams. Danginsu ɗaya da na Sadiq?

LikitarYara_Ikeja:
Iri ɗaya ne amma a kuromosom na 7, wurin da ake kira 7q11.23, ƙwayoyin gado 26 zuwa 28 ne ke ɓacewa. Ɗaya daga ciki ita ke yin sinadarin da ke sa jijiyoyin jini su miƙe su dawo, shi ya sa da yawansu babbar jijiyar zuciyarsu ke tsukewa. Abin da ke ba ni mamaki har yau: yaron da aka ninka masa wannan wurin maimakon a gutsure, sai ya fito kusan akasin ɗalibarki, magana ta yi masa nauyi, ga tsoron mutane. Haka ma a kuromosom na 16, wurin 16p11.2. Mai giɓi yakan zo da babban kai da saurin ƙiba, mai ƙari yakan zo da ƙaramin kai da rama, dukansu kuma suna iya samun jinkirin magana ko galahanga. Kamar kanwa ce a miyar kuɓewa, ta yi kaɗan miya ba ta yi ba, ta yi yawa ta ɓaci.

Hajiya_Babba_IdiAraba:
Kuna ta maganar nan ni kuma zuciyata ta koma ƙauyenmu, sama da shekara hamsin. Maƙwabciyarmu ta haifi yaro jikinsa laɓo-laɓo kamar ba ƙashi, ba ya iya kama nono, wuyansa bai tsaya ba. Aka ce ɗan ruwa ne, aljanu sun musanya mata. Ina yarinya na ga an fita da shi da asuba an nufi rafi, an dawo babu shi. Uwar ba ta ƙara zama daidai ba har ta rasu. Yau da kuke bayani nake ta hawaye.

LikitarYara_Ikeja:
Allah ya jiƙansu, Hajiya. Jariri mai saki irin haka dalilansa suna da yawa. Akwai na kuromosom na 15 da ake kira Prader-Willi, jariri ya zo a sake ba ya iya tsotso, in ya girma kuma ba ya jin ƙoshi. Wurin nan ɗaya in kwafin uwa ne ya gutsure ba na uba ba, sai ya zama wani ciwon daban, Angelman, yaro mai yawan dariya da farfaɗiya wanda kusan ba ya magana. Amma kada mu ɗora komai a kan kuromosom. A wurinmu doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, da shawarar jarirai da aka bari ta hau kai, da sanƙarau, da zazzaɓin sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, su muka fi gani, kuma ana iya kare su. Ku tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, da yawa cikin waɗanda suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu.

Sani_Canji_Ikeja:
Ni fa tambayata ɗaya. Tunda ba za a mayar da gutsuren ba, mene ne amfanin kashe wannan uban kuɗi a gwaji? Da an sa su a kuɗin makaranta ba zai fi ba?

Baban_Yusra:
Malam Sani, ni ya amfane ni. Yanzu na san kowane ciki matata ta ɗauka rabi da rabi ne, ko ɗan ya ɗauko ko bai ɗauko ba. Ƙaramin ɗanmu tun a makon farko aka duba zuciyarsa. Kuma an daina yawo da Yusra gidan masu magani.

LikitarYara_Ikeja:
Ƙari a kan haka, sanin sunan yana canza kulawa. Jijjigar da Sadiq ya yi ba zazzaɓi tana iya zama ƙarancin kalsiyam, domin ƙananan halittun wuya da ke daidaita shi ba sa cika ƙarfi a masu 22q. Ana duba shi lokaci-lokaci, musamman in za a yi tiyata ko yana rashin lafiya. Ana duba garkuwar jiki, da ji, da ƙoda, da maƙoƙo. Tsohon gwajin da ake ƙirga kuromosom a madubin likita ba ya ganin gutsure ƙarami haka, sabon da ake kira maikro'are shi ke gani, kuma a yaran da ke da jinkirin girma ba a san dalili ba yana samo amsa a 15 zuwa 20 cikin ɗari. Ban ce kowa ya je ya yi ba, Malam Sani, na san halin da ake ciki. Amma yaro mai ciwon zuciya da maganar hanci da jijjiga a haɗe, ya cancanta.

Maman_Sadiq_Agege:
Likita, maganar hancin nan. Kakarsa ta daɗe tana cewa beli ne, in mun je gida da sallah za ta kira wanzami ya cire.

LikitarYara_Ikeja:
Don Allah kada ki yarda. Matsalar a ganda take, bayanta ba ya rufe hanyar hanci sosai lokacin magana da haɗiya, shi ya sa nono ke dawowa tun yana jariri. Duk abin da aka yanke a wurin zai iya ƙara buɗe hanyar, maganar ta ƙara lalacewa, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta ga yaron da aka yi wa aikin zuciya. Ko a asibiti ba a gaggawar cire musu naman bayan hanci sai an auna. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai gani, da mai koyar da furuci. Ki nemi likitarsa ta rubuta muku takardar turawa ɗaya daga asibitocin koyarwa na Legas, LUTH ko LASUTH.

Malam_Tsangaya_Alaba:
In kakar ta ƙi ji daga bakinki, mijinki ya kamata ya yi mata magana, da ladabi. Ɗanta ne, za ta fi saurarensa.

Ummu_Hanan:
Ni abin da ke raina daban ne. Yaran nan za su girma su so aure. Baban Yusra, in mai nema ya zo za ka faɗa masa?

Baban_Yusra:
Zan faɗa. Abin da ya faru da matata ba na so ya faru da 'yata a gidan wani.

Gwaggo_Obalende:
Faɗa yana da kyau, amma ku san wa za ku faɗa wa. Unguwa in ta ji, har yayyenta da ba su da komai sai a guje su. Na ga an yi wa masu farfaɗiya haka.

Sani_Canji_Ikeja:
To ai in an ɓoye kuma an ci amana, Gwaggo.

Gwaggo_Obalende:
Ban ce a ɓoye wa mai aure ba, ɗana. Cewa na yi ba a shelarsa a gidan suna.

Maman_Sadiq_Agege:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na miƙa wa Baban Sadiq wayar ya karanta tun daga farko, ya daɗe a kan rubutun Baban Yusra bai ce komai ba. Daga baya ya ce shi zai kira Hajiya da kansa kan maganar wanzami. Gwajin mu biyu kuwa ya ce sai bayan an biya kuɗin haya, ni kuma ina so a yi kafin in sake ɗaukar ciki, ba mu gama wannan maganar ba tukuna. Malama Hauwa, ranar Litinin zan je makarantarsu. In shugaban bai saurare ni ba, wace takarda ake kaiwa don a mayar da shi irin sashenku, kuma akwai wanda ke kusa da Agege?

Malama_Hauwa_Inclusive:
Ki riƙe rahoton likita da sakamakonsa na zangon da ya wuce, ki yi kwafi biyu-biyu. Zan tambayi abokiyar aikina da ke ɓangarenku gobe in turo miki ta akwatin sirri.